Gashin Kaza a Shafi na Casa'in

A layin da ke bayan tashar bas, tsakanin shagon mai kemis da na tela, akwai wani mai ɗinkin littattafai da kowa ke kira Dutse. Ba iyayensa suka raɗa masa ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa shekara bakwai har sunan ya bi shi, kuma duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar sunan nan. Ko matarsa, in tana son ya amsa da wuri, da shi take kiransa.

A kan kwanar layin akwai ɗan laburare da wata malama ke kula da shi, inda ake aron ƙagaggun labarai. A 'yan shekarun nan masu karatun layin suka kamu da son irin littattafan nan masu duhu, waɗanda mutum zai gama ya kasa cin abinci, ya riƙa kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Mai kemis yana karantawa, tela tana karantawa, direban bas yana karantawa in yana jiran fasinja. Amma duk wanda zai ɗauki sabo, sai ya biya ta shagon Dutse ya ji shawara. Shi kuwa zai jingina da kujera ya lumshe ido, ya ce wannan na yara ne, wancan yana da ɗan yaji a shafi na ɗari da goma sha biyu, wancan kuma kada mai hawan jini ya wuce babi na tara. Kuma wallahi in ka je shafin da ya faɗa, abin yana nan. In aka tambaye shi yadda ya ji da ya karanta, sai ya ce hamma ya yi.

Gaskiyar maganar kuwa, Dutse bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Sau ɗaya tak, yana jiran gam ya bushe, idonsa ya faɗa kan rabin shafi, ya kwana biyu ba ya shiga banɗaki sai matarsa ta tsaya a ƙofa tana yi masa hira. Tun daga ranar yake juya littafi, kai a ƙasa, kafin ya sa masa allura, don kada wata kalma ta shige masa ido ba sallama.

Abin da yake karantawa shi ne ɓarna. Duk littafin da ya lalace a laburare shagonsa ake kawowa, kuma ya gano cewa mai karatu ba ya iya ɓoye firgicinsa. Inda bayan littafi ya karye, nan aka yi jifa da shi. Inda shayi ya zube, nan hannu ya yi rawa. Inda takarda ta cure ta bushe, hawaye ne ko gumi. Inda farce ya nutse, to nan marubuci ya kai maƙura. Da wannan ilimi ya ci shekara bakwai yana cika baki, ba wanda ya san asirinsa sai matarsa, ita kuma ta daɗe da gajiya da yi masa faɗa.

Wata ranar Litinin Malama ta zo da albishir. Ta ce za ta ware kanta guda a laburare, a rataya allo a samanta a rubuta ZAƁIN DUTSE, kuma ranar Asabar ta sama da la'asar za a taru a buɗe ta, shi kuma ya gabatar da littafin da ya fi kowanne tayar da hankali. Dutse ya ji kamar ya taka rawa, amma ya dake, ya ce zai duba ko da akwai wanda ya cancanta. Ta ajiye masa wani sabon littafi mai baƙin bango da hoton ƙofa a rufe, wanda bangon ya rabu da cikin, ta ce ana ta maganarsa, ya gyara ya kuma faɗa mata ra'ayinsa.

Ko sa'a ɗaya ba a yi ba sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta yi ritaya daga aikin wanki a asibiti ta sayi 'yan tsaki hamsin. Wata maƙwabciyarta da ta daina kiwo ta ba ta littafin koyon kiwon kaji a cikin leda, koren bango da hoton kaza, shi ma bangon ya fita. Goggo ko buɗe ledar ba ta yi ba. Ta ce ya ɗinke mata shi kafin jibi, ta ɗora kan na Malama, ta tafi. Da yamma, bayan ya fitar da na Goggo daga leda, fanka ta hure bangwayen biyu ƙarƙashin tebur.

Washegari Dutse ya tsinci bango biyu da ciki biyu, girmansu ɗaya, shafin farko na kowanne ya ɓace. Mutum mai hankali zai karanta layi ɗaya ya huta. Dutse ya juya su kai a ƙasa ya fara bincike irin nasa.

Na farko fes yake. Shafi ashirin na farko ne kaɗai suka ga hannu, daga nan har ƙarshe ko lanƙwasa babu. Ya yi tsaki ya ce wannan ai ba sai an faɗa ba, littafin da kowa ke gajiya da shi a shafi na ashirin na kaji ne. Bai zo masa a rai ba cewa mutum yakan ajiye littafi don wani dalili da ba gajiya ba.

Na biyu kuwa, sai da ya miƙe tsaye. Bai taɓa ganin littafin da ya sha wuya haka ba. Gefen shafuka duk huji ne ƙanana, ya ce farce ne, an kafa har ya ɓula. Ga ɗigon jini a shafi na sittin, ya ce wani ya yi haɓo. Ga wani farin tabo mai kore-kore da ya bushe, ya shinshina ya kawar da kai, ya ce wani cikinsa ya juya. A shafi na casa'in kuma ya tarar da gashin tsuntsu guda, fari, a manne. Nan ya zauna ya yi tagumi yana tausayin bawan Allahn da firgici ya sa ya yaga matashin kai da haƙori. Ya shafa gam, ya manna wa wannan baƙin bango, ya manna wa mai tsabtar kore, ya danne su da ƙarfe.

Da Goggo ta zo karɓa ta juya littafin tana mamaki, ta ce ita ta ɗauka zai yi datti, tun da a akurki aka ce yake kwana.

“Har wanke shi ka yi, ɗan nan?”

“Sirrin sana'a ne, Goggo,” in ji Dutse, ya karɓi yabon da hannu biyu.

Daga nan ya bazama. Ya gaya wa duk wanda ya gifta cewa ya samo littafin ƙarni, wanda shi kansa sai da ya ɗan gyara zama a shafi na casa'in. Mai kemis, wanda ya daɗe yana ganin shi ya kamata a ba kantar nan, ya riga kowa aro. Da safe ya dawo da littafin a hammata, fuska a murtuke.

“Dutse, wannan fa maganar kaji ce.”

Dutse bai san da wata kaza a ciki ba, amma ya san yadda ake kunyata mutum. Ya yi murmushi ya ci gaba da zura zare a allura.

“Haka masu karatun sama-sama ke cewa. Kai ma kaji ka gani?”

Mai kemis ya ce a'a, dama gwada shi yake yi. Ya koma shago ya sake buɗewa, kuma kafin azahar ya gano zurfin. Ya leƙo yana goge gumi ya ce bai taɓa ganin marubuci mai rashin imani irin wannan ba. Ba sunan kowa, ba tausayi, sai umarni kawai, kamar muryar wani da ke sama da mu duka. A zuba su ɗari biyar a ɗaki ɗaya. A bar fitila a kunne don kada su san lokaci, su yi ta ci. Ya ce kajin nan mu ne, kuma duk wanda bai gane haka ba ya koma littattafan soyayya.

Ba wanda ya so komawa littattafan soyayya. Tela ta karɓa, ta kai inda aka ce a yanke musu baki tun suna ƙanana don kada su riƙa saran juna, ta rufe shago da rana tsaka ta tafi gidan yayarta. Ta dawo ido a kumbure ta ce abin da surukarta ta so yi mata ke nan shekara goma sha ɗaya. Direba ya karanta inda aka ce in ɗaya ya mutu a cire shi da sauri kafin sauran su lura, ya shiga bas ɗinsa ya waiwaya ya ga fasinja a cushe, kowa ya sunkuyar da kai yana cin wani abu, sai ya kashe mota ya fito ya zauna a gefen titi. Sai da fasinjojin suka yi ta ba shi haƙuri. Ya kuma daina cin ƙwai.

Muhawara ta kaure a layin. Wasu suka ce jadawalin rigakafi da ke tsakiyar littafin salon zamani ne, wasu suka ce ya yi tsawo amma yana kashe jiki. Wata ma'aikaciyar banki ta ce ita jimla ɗaya ce ta hana ta sukuni, inda aka ce a kwana na arba'in da biyu sun kai, ba amfanin ci gaba da ciyar da su. Mijinta shekararsa arba'in da ɗaya. Kowa ya riƙa ba wa ɗan'uwansa shawarar ya karanta, amma ba a kan cikin yunwa ba, ba kuma da cikakken ciki ba. Dutse yana zaune yana tattara maganganun nan yana maimaita su kamar nasa. Ya kai babbar rigarsa guga, ya sa aka rage masa gemu, ya kuma je sau uku wajen mai fenti ya ce a ƙara wa harafin farko na sunansa girma.

Ranar Juma'a da rana, yana cin abinci, matarsa ta ce Goggo ta bugo waya. Tana tambaya ko a wane shafi kajin ke fitowa, don ta kai ɗari biyu da hamsin, mutum bakwai sun mutu, ba ta ga ko zakara ba.

Ya ƙware da lomar, ya hau tari. Matarsa ta miƙa masa ruwa, amma ya ga kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa.

Ya zari takalmi ya nufi gidan Goggo da gudu-gudu. Ya same ta a tsakar gida a kan kujera, tabarau a karan hanci, 'yan tsaki na zagaye ƙafafunta, koren littafi a cinya. Ya ce ya zo ne ya karɓa, ya tuna bai ƙarasa ɗinkin baya ba. Ta ce ɗinki lafiya lau. Ya ce gam ɗin da ya sa yana da illa ga ido. Ta ce ta lura ma ganinta ya ƙaru. Ya ce to ta ara masa na dare ɗaya. Ta ce ko na minti ɗaya ba za ta bayar ba sai ta san wanda ya saka mai gidan hayar nan a tankin ruwa, don tana zargin likitan haƙorin. Ta fara ba shi labarin yadda aka gano gawar, ya ce ana jiransa a shago, ya juya da sauri ya taka kwanon ruwan 'yan tsakin, ya zauna daɓas cikin abincinsu. Ya fita yana kakkaɓe wando, ɗan tsako ɗaya na bin sa har ƙofa.

A hanya ya lallashi kansa. Goggo ba ta zuwa laburare. Gobe za a rataya allo, jibi ya lallaɓa ya ɓare bangwayen ya mayar. Abin da bai sani ba shi ne matarsa ta riga ta gayyace ta, wai ta zo ta ga ɗanta a ranar girmansa.

Asabar da la'asar laburare ya cika har waje. An jera kujerun roba, an rufe allon da ƙyalle. Dutse ya miƙe cikin babbar riga, baƙin littafi a hannu, ya ce a rayuwarsa ya karanta littattafai masu duhu fiye da dubu, bai taɓa ƙifta ido ba, amma wannan ya cancanci a cire masa hula. Ya yi bayanin fitilar da ba a kashewa. Ya yi bayanin kwana na arba'in da biyu. Tela ta fara sharar hawaye. Yana shirin zaro gashin nan na shafi na casa'in ya nuna a matsayin shaida, sai aka ji murya daga ƙofa tana cewa a matsa mata ta wuce.

Goggo ta ratso mutane da jakarta, ta zauna a gaba, ta saurara kaɗan, sannan ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

“Malama, wannan da ɗan nan ke faɗa, yana da maganar rigakafi?”

Malama ta ce yana da ita, jadawali guda.

“To nawa ne. Sati biyu ina nemansa. Wannan da ya ba ni na gama shi jiya, mutum goma sha ɗaya, ba kaza ko ɗaya. Kuma ba likitan ba ne, uwar ce.”

Malama ta karɓi littattafan biyu ta buɗe wannan ta buɗe wancan. Mai kemis ya miƙe ya ce shi dama tun ranar farko ya faɗa. Tela ta ce in ya faɗa, wa ya ce mata kajin nan mu ne. Direba ya tambaya ko yanzu zai iya cin ƙwai. Ma'aikaciyar banki ta ce ita ko na kaji ne, maganar kwana arba'in da biyu ba ta fita ranta ba.

Dutse ya ɗaga hannuwa biyu ya nemi a natsu. Ya ce da gangan ya yi, jarrabawa ce ya shirya don ya ga masu karatun gaske, kuma yana baƙin cikin sanar da cewa duk layin sun faɗi. Shi kuwa ainihin littafin ya karanta shi sau biyu, yana hamma.

“Madalla,” in ji Malama. Ta miƙa masa mai koren bangon. “Duk wanda ya ara a baya a shafi na ashirin ya tsaya ya dawo mini da shi. Karanta mana na ashirin da ɗaya, mu ji daga bakin Dutse.”

Ya waiwaya wajen matarsa. Ta ɗaga ido tana nazarin silin. Ya karɓi littafin, hannunsa ya yi abin da ya saba shekara bakwai, ya juya shi kai a ƙasa. Ya tsaya yana kallon shafin, jama'a na kallonsa. Goggo ta miƙe ta karɓa ta juya masa daidai, ta ce tun yana ƙarami haka yake, ko takalmi sai an nuna masa dama da hagu.

Ya karanta layi na farko da murya mai kauri. Ya karanta na biyu, muryar ta sirance. A na uku aka ambaci abin da ke cikin firij, ya tsaya, ya ce wa ya kashe fanka. Ba wanda ya kashe. Ya laluba zai dafa wani abu, hannunsa ya kama ƙyallen da aka rufe allo da shi, ya tafi da shi ƙasa gaba ɗaya. Haka aka buɗe kantar, mai ita yana kwance a ƙarƙashinta an lulluɓe shi har ka, ƙafafu a waje, sama kuma ZAƁIN DUTSE da ƙaton harafin farko.

Mai kemis ya yayyafa masa ruwa fiye da yadda ake buƙata. Da ya farfaɗo, abu na farko da ya ji shi ne muryar Goggo tana ƙarasa shafin ga jama'a, a hankali, tana tsayawa tana gyara wa marubucin kuskure. Ta ce shekara talatin ta yi tana wanke zanen gadon asibiti, kuma jini ba ya fita da ruwan zafi, ruwan sanyi ake sa wa. Tela ta toshe kunne. Direba ya fita shan iska. Goggo ta juya shafi ta tambaya ko akwai wani irinsa, amma mai ɗan tsanani.

Malama mace ce da ba ta son asara. Ta dubi allon, ta dubi Goggo, ta ce ba sai an sake fenti ba.

Ranar Litinin mai ɗinkin littattafai yana buɗe shago ya ji direba ya ƙwala kiran Dutse daga tagar bas. Ya juyo da sauri, baki har kunne, ya ɗaga hannu. Direban bai ko gan shi ba. Goggo ce ke tahowa ta bayansa da littattafan biyu a leda, ta ɗaga wa direban hannu ta amsa. Wannan ya yi masa ciwo fiye da faɗuwar, har sai da ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Ta shigo ta ajiye masa su ta ce ya mayar wa kowane bangonsa, kuma za ta jira. Ya ɓare, ya juya su kai a ƙasa, ya tsoma yatsunsa goma cikin gam. Goggo ta ja kujerarsa ta jingina, ta ce tun da ba ya iya karantawa da kansa, kuma bai kamata a ce ɗan gidansu bai san labarin ba, bari ta ba shi tun daga farko. Ya ɗaga hannuwansa zai toshe kunne, ya dubi gam ɗin da ke ɗiga daga yatsunsa, ya mayar da su kan tebur.

“To,” in ji Goggo, tana gyara tabarau, “ka san tankin ruwan nan irin na saman gidanku?”